Ciwon kyarma: hannu kowa ke kallo, majinyaci kuwa da kansa yake kuka

Duk inda aka ambaci cutar Parkinson, wadda jama'a ke kira ciwon kyarma ko makyarkyata, abin da ke fara zo wa mutane a rai shi ne hannun dattijo yana rawa bisa gwiwa, ko kuwa tafiyar nan ta gajerun taku, kai a sunkuye, kamar mai neman abin da ya faɗi ƙasa. Wannan shi ne abin da ido ke gani, shi ne kuma dalilin da ke sa a kai mutum gidan likita. Amma akwai wani kuka na dabam da masu wannan ciwo ke yi, galibi da ƙaramar murya, bayan an gama awo ana haramar fita: kaina ba kamar da yake ba. Wani ya ce lissafin da ya saba yi da ka yanzu sai ya nemi takarda. Wani ya ce kalma na zuwa bakinsa ta maƙale. Wani kuma ya ce yakan tsaya tsakiyar sallar La'asar bai san ko raka'a ta biyu yake ko ta ukku ba. Amsar da suka fi samu, daga wajen iyali har ma'aikatan lafiya, ita ce: tsufa ne, Alhaji, kowa haka yake.

Wannan amsa ta yi sauƙi da yawa, domin ciwon yakan kama mutum tun yana riƙe da makullin kanti ko hatimin buro. Wani bincike da likitocin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa na Yamai suka fitar a shekara ta 2018 ya duba mutum 1695 da suka je awo wurinsu tsakanin 2009 da 2013. A cikinsu an samu 25 masu cutar Parkinson ta ainihi, da wasu 76 masu alamomi irin nata waɗanda wani dalili na dabam ya haifar. Matsakaicin shekarun da ciwon ya fara bayyana ga waɗancan 25 ɗin shi ne 58. Mai shekara 58 a Maraɗi ko Damagaram ba tsohon da ke kwance a zaure ba ne. Shi ne mai ba da bashi da karɓar bashi, shi ke sa hannu a takardun sarwisi, shi ke ciyar da gida biyu ko ukku. A duniya gaba ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2019 masu cutar sun haura miliyan 8 da rabi, kuma adadin ya ninka cikin shekara 25.

Kuskuren da aka gada

Ganin cewa ciwon kyarma ciwon jiki ne kawai tsohon ra'ayi ne, kuma daga bakin wanda cutar ta ci sunansa ya fito. James Parkinson, wani likitan unguwa a birnin Landan, shi ya fara bayyana ta dalla-dalla a shekara ta 1817, bisa mutum shida kacal, waɗanda ukku daga cikinsu a kan hanya kawai ya gan su. Ya rubuta cewa ciwon ba ya taɓa hankali. Bayan shekara hamsin da ƴan kai, babban likitan Faransa Jean-Martin Charcot, na asibitin Salpêtrière a Paris, wanda shi ya laƙaba wa cutar sunan Parkinson, ya lura da cewa in ciwon ya daɗe tunani yakan dushe. Duk da haka maganar farko ce ta zauna a kunnen mutane. Da aka gano a 1960 cewa ƙwaƙwalwar masu cutar na da ƙarancin wani sinadari mai suna dofamin, sannan maganin lebodofa ya fara tayar da waɗanda suka sandare daga 1967, sai hankalin kowa ya koma kan motsi. Mutum ya miƙe ya yi tafiya, an gode Allah. Wa zai tsaya tambayarsa ko yana tuna inda ya aje carbinsa?

Yau an san cewa ɓarnar ba ta tsaya ga dofamin ba. Akwai wani sinadarin, asetilkolin, wanda ƙwaƙwalwa ke aiki da shi wajen maida hankali da tunawa, shi ma yana raguwa. Akwai kuma wasu ƴan dunƙule-dunƙule na furotin da ke taruwa cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, waɗanda likita Friedrich Lewy ya fara gani a 1912. In suka bazu zuwa saman ƙwaƙwalwa, nan ne tunani ke fara tangarɗa.

Sai dai mantuwar mai ciwon kyarma ba irin ta cutar Alzheimer ba ce, watau wadda ta fi jawo abin da Hausawa ke kira gigin tsufa, kuma bambancin na da amfani ga iyali. A Alzheimer, sabon abu ba ya shiga mangaza sam: an gaya wa tsohuwa da safe jikanta ya zo, da rana ko an tuna mata babu alamarsa. A Parkinson kuwa, musamman a shekarun farko, kayan na nan cikin mangaza, fito da su ne ke da wuya. A tambayi mutum sunan dillalin da ya kawo masa wake makon jiya, ya yi shiru. A ce masa mutumin Tasawa ne, nan take sunan ya faɗo. Abin da ya fi lalacewa shi ne sauri, da iya riƙe abu biyu a lokaci guda, da tsara aiki daki-daki. Ɗan kasuwar da a da yake ciniki da mutum ukku a tare, yana juya naira zuwa sefa a kansa, yana kuma sa ido ga yaron da ke loda mota, yanzu in aka katse masa magana sai zaren ya tsinke. Ma'aikacin da ya san kowane dosiye a buronsa sai ya zauna gaban tarin takardu ya rasa ta inda zai fara, alhali kowace takarda shi kaɗai in aka miƙa masa ya san abin da ke cikinta.

A nan akwai wani tarko. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma wannan ciwo fuskar yake fara ɗaurewa. Naman fuska ya sandare, ƙiftawar ido ta ragu, murya ta yi ƙasa, amsa ta yi jinkirin fitowa. Duk wanda ya ga ɗan dambe Muhammadu Ali yana kunna wutar wasannin Olamfik a birnin Atlanta a 1996, shekara 12 bayan an gano masa cutar, ya ga wannan fuska. Mutane da yawa ana yi masu kallon waɗanda hankalinsu ya tafi, ana magana a kansu a gabansu, alhali suna jin komi, suna kuma auna kowa. Amsar na nan tafe, mai tambaya ne bai jira ta ba.

Mi alƙaluma ke cewa

Binciken da aka tattara daga ƙasashe dabam-dabam ya nuna cewa a cikin masu Parkinson waɗanda ba su kai ga gigicewa ba, wajen mutum ɗaya cikin huɗu na da ƙaramin rauni na tunani wanda awo ke iya kamawa. A Ibadan ta Najeriya, wani awo da aka fitar da sakamakonsa a 2008 ya samu raunin tunani ga kusan ɗaya cikin biyar na majinyatan da aka gwada. Game da gigicewa ta sosai, wadda ke hana mutum tafiyar da al'amuransa, alƙaluman da suka daɗe suna tsorata mutane daga birnin Sidni na Ostareliya suka fito: an bi majinyata 136 har shekara 20, kuma a 2008 aka bayyana cewa cikin waɗanda suka rage da rai kashi 83 cikin ɗari sun gigice. Amma wani bincike na Amurka da ya fito a 2024 ya sassauta hoton. A rukuni guda, na jami'ar Pennsylvania, an ƙiyasta kashi 27 cikin ɗari bayan shekara 10 da ciwo, kashi 50 bayan shekara 15, kashi 74 bayan shekara 20. A ɗaya rukunin kuwa kashi 9 kawai bayan shekara 10. Watau haɗarin gaskiya ne, yana ƙaruwa da daɗewar ciwo da yawan shekaru, amma mafi yawan majinyata na cin shekara goma da hankalinsu a hannunsu.

To, a cikin waɗannan shekaru masu tsawo, mine ne darajar maganar majinyaci in ya ce kansa ya canza? Likitocin duniya sun ba ta matsayi. Ƙa'idojin da ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta likitocin cututtukan motsi ta fitar a 2012, domin gane ƙaramin raunin tunani a Parkinson, sun sa sharaɗin cewa a samu shaidar raguwa daga bakin majinyaci, ko na kusa da shi, ko likitan da ya san shi, kafin a haɗa da sakamakon awo. Akwai kuma binciken da ya bi masu kukan ya ga inda suka ƙare. A birnin Napoli na Italiya an bi sababbin majinyata shekara biyu, aka bayyana a 2014 cewa waɗanda suka yi kukan mantuwa tun farko, alhali awo bai nuna komi ba, sun fi sauran faɗawa cikin raunin da awo ke kamawa daga baya. Wani aiki na Pennsylvania a 2020 ya samu abu mai kama da haka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, tun kafin maƙwabci ya ga danshi a bango.

Amma ba kowane yoyo ne daga rufi ba. Abin da bincike ya fi maimaita samu shi ne cewa yawan kukan mantuwa ya fi tafiya tare da ciwon damuwa, da fargaba, da gajiya, da rashin barci, fiye da yadda yake tafiya da makin awo. Damuwa a Parkinson ba baƙin cikin samun ciwo ba ce kawai. Wani ɓangare ne na cutar kanta, kuma takan riga kyarmar zuwa da shekaru. Mutumin da zuciyarsa ta yi nauyi ba ya maida hankali, wanda bai maida hankali ba kuwa ba ya tunawa. Irin wannan in aka magance damuwar, aka gyara barcin, kan yakan washe. Saboda haka kukan ba hukunci ba ne cewa gigi ya iso. Dalili ne na a zauna a yi bincike, kuma sau da yawa abin da za a tarar mai gyaruwa ne.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne kishiyar wannan. Yayin da raunin ya yi zurfi, sashen ƙwaƙwalwar da ke sa mutum ya lura da kurensa shi ma yakan taɓu. Sai kukan ya ɗauke. Majinyaci ya ce lafiya lau yake, matarsa kuwa ta san ya biya mai ruwa sau biyu, ya kuma saki baki yana magana da yaran da babu su a tsakar gida. A farkon ciwo majinyaci yakan riga iyali gani. A ƙarshensa iyali ne ke gani shi ba ya gani. Wannan ya fi fitowa fili a wasu cututtukan motsi ƴan uwan Parkinson. Akwai wadda likitoci ke taƙaita sunanta da PSP, da aka bayyana a birnin Toronto na Kanada a 1964, mai sa mutum yawan faɗuwa ta baya da kasa duban ƙasa. Mai ita yakan zama ba ruwansa da komi, ya miƙe farat ɗaya ba tare da tunanin zai faɗi ba, kuma da wuya ya kawo kuka da kansa. Iyali sai su ɗauka mutuwar zuciya ce ko taurin kai. Akwai cutar Huntington, ta gado, wadda kowane ɗa na mai ita ke da haɗarin kashi 50 cikin ɗari na ɗauka, mai sa jiki fizge-fizge. Masu ita sun shahara da rashin lura da canjin da kowa ke gani a tare da su, a motsi da hali da tunani. Ita kuwa wadda ake kira AMS a Faransance, mai sa jini ya faɗi in an miƙe tsaye da matsalar fitsari, ta fi barin tunani da sauƙi, ko da yake ba ta ƙyale shi sarai ba. In kuma ruɗewa da gane-gane suka riga kyarmar, ko suka zo cikin shekara guda da ita, likitoci na ba abin wani suna, watau gigin Lewy. Darasin da ke cikin duk wannan ga ɗakin awo ɗaya ne: a ji daga bakin majinyaci, a kuma ji daga bakin wanda ke kwana gida ɗaya da shi, kowa shi kaɗai. Matar da aka tambaya a gaban mijinta ko Malam na mantuwa, kunya da kara ba za su bar ta ta faɗi gaskiya ba.

Karkanda da agogo

Sai batun awon kansa. Gwajin da aka fi amfani da shi ga masu Parkinson ana kiransa MoCA. Wani likita ne a birnin Montréal, Ziad Nasreddine, ya tsara shi, aka buga shi a 2005. Minti goma yake ɗauka, makinsa 30, wanda ya samu 26 ko fiye ana ɗaukarsa lafiyayye. Ana sa mutum ya riƙe kalma biyar ya maido su daga baya, ya zana agogo yana nuna ƙarfe 11 da minti 10, ya kwafi zanen akwati mai kusurwa, ya riƙa cire 7 daga 100, ya jero kalmomin da suka fara da harafi guda cikin minti ɗaya, ya kuma faɗi sunan dabbobi ukku da aka zana: zaki, karkanda da raƙumi. Raƙumi ba ya gagarar mutumin Tawa. Karkanda kuwa wata magana ce. Dattijon da bai yi lakkwal ba, wanda bai taɓa riƙe fensir ba sai alƙalamin kara da allo, zai faɗi a zanen akwati da na agogo ko da ya haddace izu sittin, ko da yana riƙe da bashin mutum arba'in a kansa. Maki ɗaya da ake ƙara wa mai ƙarancin karatu ba ya cike wannan rami.

Ta ɗaya gefen kuma gwajin na iya yaudara. Tsohon kontabul ko mushen lissafi zai cinye makin nan 28 cikin 30 yana dariya, alhali shi ya san aikin da yake gamawa kafin azahar yanzu yana kai shi magariba. Awo na gwada mutum da sauran mutane. Kukan majinyaci na gwada shi da yadda yake a da. Ga mai ilmi da ƙwararren ɗan kasuwa, ma'auni na biyu yakan riga na farko motsi. An yi ƙoƙarin tsara gwaje-gwajen da suka dace da wanda bai yi boko ba. Tun shekarun 1990 masu bincike a Ibadan da birnin Indianapolis na Amurka suka yi aiki da wani mai suna CSI-D, wanda wani ɓangarensa tambayoyi ne ga ɗan uwan majinyaci. A ƙasar Tanzaniya an fito da wani, IDEA, inda maimakon zane ake ba mutum tsinken ashana ya kwaikwayi siffar da aka jera masa. Abin lura shi ne gwajin da aka yi da Faransanci, ta bakin tafinta, ga mai jin Hausa zalla, makinsa bai isa a yanke wa mutum hukunci da shi ba.

Araha ba ta ado

Akwai dalili guda na mantuwa da ya kamata kowane gida mai irin wannan majinyaci ya sani, domin a cikin kwalin magani yake. Lebodofa, wanda ake saidawa da sunan Modopar ko Sinemet, shi ne ginshiƙin magani, amma yana da tsada ga mai ƙaramin ƙarfi, ana shansa sau da yawa a yini har iyakar rai, kuma ba kowace farmasi ke aje shi ba. Saboda haka a ƙasashen Afirka da dama ake komawa ga wani tsohon magani mai araha, Artane, wanda a Najeriya aka fi sani da benzhexol. Yana rage kyarma. Amma yadda yake aikinsa shi ne toshe asetilkolin, sinadarin nan da aka ce tunawa na dogara da shi, wanda tun farko cutar ta rage. Sakamakonsa ga dattijo shi ne mantuwa, ruɗewa, gane-gane, bushewar baki, taurin ciki, da riƙewar fitsari. Shi ya sa likitocin wannan fanni ke guje masa ga tsofaffi da duk mai kukan tunani. Hannu ya lafa, iyali na murna, majinyaci na cewa tun da na fara ƙwayar nan kaina ya yi duhu, ba mai haɗa biyun. Abin mamaki, maganin da aka tabbatar yana ɗan taimakon masu gigin Parkinson, ribastigmin, wanda aka gwada ga mutum 541 aka fitar da sakamako a 2004, aikinsa ƙara asetilkolin ne. Amfaninsa matsakaici ne, yana kuma iya kawo amai. Shan su biyun tare daidai yake da ɗure tulu ta baki ana huda shi ta gindi.

Wani rukunin magani kuma, masu kwaikwayon dofamin, irin su Sifrol, Requip da Trivastal, ba mantuwa suka fi kawowa ba, hali suke taɓawa. Wani bincike a Amurka da Kanada kan mutum 3090, wanda ya fito a 2010, ya samu cewa kashi 17 cikin ɗari na masu shan irin su Sifrol da Requip sun faɗa cikin caca, ko saye-sayen banza, ko yawan ci, ko sha'awa marar kangi, alhali cikin waɗanda ba sa sha kashi 7 ne. Alhajin da ya shekara talatin yana ƙirga dala-dala, in ya wayi gari yana zuba jika-jika a tikitin sukuwar dawaki ko yana sayen kayan da babu mai nema, kafin a ce sammu ne ko jifa, a duba takardar maganinsa. Wannan ma ba shi zai kawo kuka ba. Haka nan idan majinyaci ya fara gane-gane aka kai shi wurin wanda bai san cutarsa ba, akan ba shi Haldol ko Largactil domin ya natsu, su kuwa dofamin suke toshewa, suna iya sandarar da shi ya kasa tashi. Har maganin amai Primpéran na cikin wannan sahu. Duk da haka ba a tsaida ko ɗaya daga magungunan Parkinson farat ɗaya a gida. Yanke lebodofa kwatsam na iya jawo zazzaɓi mai tsanani da sandarewa, Artane ma a hankali ake janye shi, a hannun likita.

Ruɗewar da ta sauko cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa ba tafiyar cutar ba ce, domin ita a hankali take tafiya. A nemi masassara, ciwon mafitsara, ciwon huhu, ƙishirwa a lokacin bazara, taurin ciki na kwanaki, ko wani sabon magani. Wannan na gaggawa ne.

Kanti, buro da sa hannu

Likitocin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Nijar, mafi yawansu kuma a Yamai suke. Mutumin Ƙonni ko Magarya kan yi doguwar tafiya, zuwa babban birni ko zuwa Kano, domin ganawar da ba ta wuce ƴan mintoci ba, kuma mintocin kan ƙare a kan hannu da ƙafa. Wanda ya zo da rubutattun misalai ya fi cin ribar tafiyar: ran kaza ya kasa gano hanyar gida daga masallaci, wata kaza aka fara ƙwaya kaza, da dare yana naushi da ihu cikin barci, da hantsi garau yake da marece a rikice. Ya kuma zo da kwalayen duk abin da ake sha, har na masu talla a faranti da na gargajiya.

Dalilin da ke sa manyan mutane ɓoye wannan kuka ba ya da wuyar ganewa. Jarin ɗan kasuwa amana ce. Ran da aka ji a Babbar Kasuwa cewa Alhaji ya fara mantuwa, masu ba shi kaya bashi za su ja baya, waɗanda yake bi kuma wasunsu za su manta su ma. Ma'aikaci na tsoron a karɓe masa kujera a tura shi kusurwa kafin lokacin aje aikinsa ya yi. Tsoron na da tushe, kuma iyalin da suka ji kuka ɗaya suka ƙwace makulli sun yi zalunci, sun kuma koya wa majinyaci yin shiru. Ƙaramin rauni ba ya cire wa mutum ikon dukiyarsa. Abin da yake bukata shi ne a canza yadda ake aiki: ciniki ɗaya bayan ɗaya, manyan shawarwari a lokacin da magani ke aiki jiki ya saki, kowane bashi a littafi, wani amintacce ya sake duba lissafi kafin a sa hannu, tafiyar ƙafa kullum gwargwadon iko, da zama cikin mutane maimakon kulle kai a ɗaki.

Rubuta bashi ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan haka ta sauka, har ta yi tanadin waliyyi ya tsaya wa wanda ake bi in yana da rauni ko ba ya iya shibta da kansa. Lokacin da ya dace mutum ya zaɓi wannan waliyyi, ya rubuta wanda yake bi da mai binsa, ya raba dukiyarsa da ta abokan haɗin gwiwa, ya yi wasiyya da takardar wakilci gaban shaidu, shi ne lokacin da yake iya cewa da bakinsa kaina ya canza, domin a lokacin babu alƙalin da zai yi shakkar hankalinsa. In aka bari sai kukan ya ɗauke, takardar da aka sa shi ya sa wa hannu ita ce za ta zama abin shari'a tsakanin ƴan ɗakuna.

Shi kansa sa hannun na bukatar kulawa. Ɗaya daga alamomin Parkinson shi ne rubutu ya riƙa ƙanƙancewa, ya fara da girmansa a farkon layi ya ƙare kamar sawun tururuwa. Sa hannun da aka aje a banki shekara goma da suka wuce kan daina kama da na yau, har a maido wa mutum cakinsa a gaban abokin ciniki. Ana iya zuwa banki a sabunta samfurin, a kuma yi rajistar wakili a ranar.